Zanen da Ya Ƙi Zama Daidai

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Assalamu alaikum, ke 'yar nan. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kina zaune daidai a cikin jirgin ƙasa, da matashi a bayanki kamar yadda likita ya ce, ba a takure kan ƙullin kayan Gwaggo Talatu ba. Allah Ya kai ku Kano lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ki da likitoci masu sanin aiki da tausayi.

Ni mahaifiyarki nake magana, babanki ke rubutawa. Kin san ban iya boko ba, shi kuwa takardun taragon shanu suka tilasta masa ya koya. In kin ga inda rubutun ya karkace ko aka goge, to a nan ne na faɗi abin da bai yi masa daɗi ba. Mun yi sharaɗi tun kafin ya buɗe kwalbar tawada, cewa duk abin da ya fito daga bakina shi zai sa, ba ragi ba ƙari. Na ce wa gwaggonki kada ta ba ki takardar sai kun haye gadar Makurɗi, domin ido da ido ba zan iya ba, kin dai san ni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Zancen bayanki ne, da yadda muka yi ta kuskure a kansa, da mutanen da Allah Ya yi ta jefo mana suna dawo da mu hanya. Ina so ki shiga asibitin ƙashi na Kano kin san duk wannan.

Ke ce 'yar farina. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zuba masa ido, ba ta jan sa da wasa. Haka na tashi na ga kowa yana yi, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Amma a can, da an yaye yaro kakarsa take ɗauke shi. Ita ke yi masa wanka, ita ke duba kansa, ita ke fara gani in ya rame. Uwa tana kau da kai ne saboda ta san akwai mai kallo a madadinta. Mu da muka biyo shanu zuwa Inugu, sai muka ƙullo kunyar cikin kayanmu, kakar kuwa muka baro ta a gida. Na kau da kaina kamar yadda aka koya mini, ba kuwa wanda ya karɓi kallon. Ƙannenki Sani da Ladidi, ko ƙurji ya fito musu a bayan kunne sai na gani. Ke kuwa tun da kika iya wanka da kanki ban ƙara ganin bayanki ba.

Abin da na riƙa gani zanenki ne. Kullum gefen hagu yana sharar ƙasa, na dama a ɗage. Da yake ba na yi miki faɗa kai tsaye, sai in juya in fuskanci murhu in ce, “Wasu dai har yau ba su iya ɗaura zane ba, sai ka ce an rataya wa ƙyaure.” Ki koma ɗaki ki kwance ki sake ɗaurawa, ki fito yana nan yadda yake. Da aka ɗinka miki rigar salla wuyan ya zame gefe guda, na ɗauke ta na mayar wa tela a kasuwar Ogbete, na wanke shi tas a gaban mutane. Bawan Allah ya gwada kafaɗun rigar a gabana, ya rantse daidai suke, na ce masa igiyar awonsa ce ta karkace. Har yau in zan wuce shagonsa sai in ja mayafi in ƙara sauri. In Allah Ya ba ki 'ya'ya, kika ga tufa ta ƙi zama a jikin yaro sau ɗaya, sau biyu, ki bar tufar ki tuɓe yaron ki duba.

Wadda ta fara gani Mama Ngozi ce, 'yar Ibon nan mai sayar da manja kusa da rumfata. Ran nan kin kawo mini abinci kasuwa, kika sunkuya za ki ɗauki kwandon daddawa, sai ta dafa ni ta ce da Turancin kasuwa, “Luk am nau! Luk yo pikin!” Wato in dubi 'yata. Na ce mata mu ba ma kallon 'yar fari. Ta saki baki tana kallona, can ta ce da gurguwar Hausarta, “To wa yake kallon muku ita?” Haushi ya kama ni. Na ga me ya kai mai manja cikin al'adar mutane? Na ɗauke mata wuta har na wani lokaci, ita kuwa ba ta fasa gaishe ni ba, ba ta kuma fasa bin ki da ido ba. Yau in za a ce in lissafa masu alheri a kaina, bayan iyayena da ita zan fara. Za ki haɗu da ire-irenta a asibiti, waɗanda ba yarenku ɗaya ba, ba sallarku ɗaya ba. In sun faɗa miki abin da ba ki so, kada ki yi irin nawa, ki tsaya ki ji tukuna.

Ana cikin haka kika ɗauko daron kayan ciki daga kwata, kamar yadda na saba aiken ki saboda farfesun da nake sayarwa ranar kasuwa. Daga baya ne kika gaya wa likita cewa kina ɗora shi a ka kika ji wani abu ya tsarga miki daga ƙugu har zuwa yatsun ƙafa. Ni ba ki gaya mini ba. Kika ci gaba da shara da ɗebo ruwa kina jan ƙafa, ni kuma ina yi wa bango habaicin masu tafiyar yanga. Sai ranar da kika faɗi a bakin famfo kika kasa tashi. Mahautan unguwarmu, waɗanda kullum nake yi wa tsiya kan sun cika mini ƙashi a nama, su suka ciro ƙyauren shago suka kwantar da ke a kai, suka kawo ki gida a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Allah Ya saka musu da alheri. Likita ya ce da saɓa ki suka yi a kafaɗa, da abin ya fi haka muni.

Daga nan muka shiga neman magani irin na wanda ya ruɗe. Wanzami ya zo ya yi miki ƙaho, ya zubar da jinin da ya ce mataccen jini ne, ciwo yana nan. Wani abokin cinikin babanki ya ba shi labarin mai tausa a Fatakwal, mutumin bakin ruwa, can wajen kasuwar Oyil Mil. Babanki bai yi shawara da kowa ba ya sa ki a gaban motar kaya, kuka yi ta faɗawa ramuka har can. Gaskiya mutumin ya iya hannu, kin samu barci a wurinsa, amma abin da tausa ta gyara hanya ta ɓata shi kafin ku iso gida. Sai masu ba da shawara suka yi mana caa. Wani ya ce a rataye ki ta hammata a jikin azara a ja ƙafafun. Wata ta ce a sa mai tagwaye ta taka bayan. Babanki har ya sayo igiya. Yanzu ya ɗago kai yana cewa igiyar ta shanu ce. To, ta shanu ce, amma a ɗakina ya ajiye ta.

Allah Ya taimake mu ya ce bari a fara kai ki wurin tsohon maɗorin nan na unguwar Hausawa a Anaca, wanda ya taɓa ɗora masa hannu lokacin da sa ya make shi. Tsohon ya shafa bayanki daga wuya zuwa ƙugu, ya sa kika ɗaga ƙafa. Sannan ya ce da babanki, “Malam, ni karaya nake ɗorawa, da targaɗe. Wannan ƙashi bai karye ba, girma yake yi a karkace. In na ja shi, ina tsoron ƙafar nan da take ja ta mutu gaba ɗaya. Wannan ba aikina ba ne. Ku kai ta inda ake ɗaukar hoton ƙashi, kada kuma ku bari kowa ya taɓa ta kafin nan.” Ya yi miki tofi, ya rako ku har bakin titi. Babanki ya dawo yana cewa tsufa ya ci tsohon. Wai bai faɗi haka ba. Ya faɗa, ina tankaɗe a lokacin. Rubuta, Malam.

Wannan tsoho ya rasu bara, kullum yana cikin addu'ata. Duk mai maganin da ya dube ki ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ki girmama shi. A ɗakin marasa lafiya za ki tarar kowace mai jinya likita ce, kowacce da ƙullin maganinta a bakin zane. Addu'a ki karɓa da hannu biyu. Rubutun sha da Baffa Isa, ɗan'uwan babanki da ke Kano, zai kawo miki ki sha, sai dai in an ce ranar kada ki sa komai a ciki. Amma ja, da taka baya, da murɗa wuya, ko wace ce ta kawo shawarar, ki ce innarki ta hana.

Kin tuna ranar da aka kai ki babban asibitin nan na Inugu, amma ba ki san yadda ranar ta kasance a wurina ba. Likitan saurayi ne ɗan Ibo, cikin waɗanda suka karɓi aiki da Turawa suka fara tafiya, sai wata nas da aka haifa a Zariya tana fassara mana. Ya ɗaga hoton ya saita shi da taga, ya ce ciwo biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko, ƙashin bayanki ya kauce gefe tun da daɗewa, yana kuma ƙara kaucewa muddin kina girma. Na biyu sabo ne. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai guringuntsi mai taushi, irin wanda babanki ke gani a gadon bayan sa, to ɗaya ya bulluƙo ranar da kika ɗauki daro, ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Na tambaya ko tallan da nake ɗora miki ne ya karkatar da ƙashin. Ya ce a'a, wannan yakan zo wa 'yan mata haka kawai ba a san dalili ba, amma kayan nauyi su suka jawo na biyun.

Sai ya juyo ya tambaye ni tun yaushe na fara ganin kafaɗarki ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ce ban sani ba. Ya sa aka zame miki riga, ya ce ki haɗa ƙafa ki sunkuya, ya ce in zo in tsaya a bayanki. Na tsaya ina kallon ƙasa. Nas ɗin nan ta ce, “Inna, nan ba gida ba ne, ɗago ki duba.” Na ɗago. Haƙarƙarinki na dama ya taso kamar an kifa ƙaramar ƙwarya ƙarƙashin fata. Ta kama hannuna ta ɗora a wuyanki, ta bi da shi ƙasa a hankali, na ji ƙashin ya tafi gefe ya dawo. Rabon da in taɓa bayanki tun kina 'yar tatsitsiya. Na yi kuka a gaban namiji baƙo ban ji kunya ba, abin da kawai nake tunawa shi ne zanen nan da na yi ta sa ki kwancewa.

Abin da suka yi miki ya yi amfani, kada ki manta da wannan in zuciyarki ta karaya a Kano. Sun kwantar da ke a gado mai katako, suka ɗaura miki buhunan yashi a ƙafa suna ja a hankali, ga ƙwayoyin rage zafi. Sannu sannu ciwon ƙafar ya janye, kika taka da kanki. Ranar da kika tako daga gado zuwa ƙofa, Mama Ngozi ta yi rawa a barandar asibiti har aka kore ta. Babanki kuma, tun da na faɗi laifinsa bari in faɗi kirkinsa, ya bar tafiyar fatauci ta shekarar gaba ɗaya, ya sa kafinta ya yi miki gadon katako, ya kuma hana kowa a gidan nan ɗora miki ko da ƙwaryar fura a ka. Wannan ya rubuta shi da sauri, ba gogewa.

Sai aka zo kan karkacewar, aka yi miki rigar filasta daga hammata zuwa ƙugu don ta riƙe ƙashin. A zafin Inugu da damshinta, na san kin sha wuya. Nas ta ja mana kunne cewa in wani wuri ya dame ki da zafi a ciki, a dawo nan da nan. Gefen filastar ya riƙa cin ƙugunki har ya zama gyambo. Kina cin abinci, kina salla a zaune, kina cewa lafiya lau. Wari ne ya tona. Da aka yanke filastar na ga wurin, na manta da wata al'ada na dube ki na ce, “Me ya hana ki faɗa?” Kika sunkuyar da kai kika ce, “Inna, ban san ta inda zan fara yi miki magana ba.”

Wannan amsa ita ta sa na zaunar da babanki yau da alƙalami. Shirun nan ba halinki ba ne, a wurina kika koya. Mutanen unguwa suna yabonki da dauriya, ni ma da ina jin daɗin yabon. Yanzu tsoronsa nake ji, domin sau biyu dauriyar nan tana neman kassara ki.

Ga abin da ke gabanki. Gyambon ya sa an daɗe ba a mayar da filasta ba, ke kuma kina ta tsawo, sabon hoto ya nuna ƙashin ya ƙara kaucewa. Shi ya sa likita ya tura ki Kano, inda aikinsu ke nan. Ya ce mai yiwuwa su yi miki rigar fata da ƙarfe wadda ake cirewa a yi wanka, ki yi ta sawa har girmanki ya tsaya, tare da motsa jikin da za su koya miki. In kuma sun ga karkacewar ta wuce abin da riga za ta riƙe, sai aiki. Za su buɗe bayan, su ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunki su haɗe gaɓoɓin da suka kauce don kada su ƙara tafiya, ki yi watanni a kwance cikin filasta. Bai ɓoye mana ba, aikin yana da haɗari, kuma ba zai mayar da bayan kamar na kowa ba. Barinsa ma yana da nasa haɗarin, domin in ƙashin ya ci gaba da tafiya yana iya matse ƙirji har numfashi ya riƙa yi miki wuya.

Ni ban san wanne ya fi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Babanki ya ba Baffa Isa izinin sa hannu a madadinsa, amma mun aika masa cewa kada ya sa sai an yi bayani a gabanki da Hausa, kin yi tambayoyinki, kin ce kin yarda. Ki tambaye su me zai faru in an yi, me zai faru in an jira. In ba ki gane ba ki ce a sake. Bayanki ne, ke za ki kwana da shi ki tashi da shi.

Su kuma likitocin, hoto ƙashi kawai yake nuna musu, ba ya nuna ciwo. Abin da kika faɗa da shi za su yi hukunci. In ƙafa ta yi miki nauyi, ko kika ji ta dindiris kamar ba taki ba, ki faɗa a take. In fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba da saninki ba, kada ki tsaya jin kunyar likita namiji, kada ki jira gari ya waye, ki ɗaga murya ki kira nas. Likitanmu ya ce wannan alama ce ta jijiya ta matsu, kuma jinkiri a nan yana iya cin ƙafar mutum har abada. In riga ta ci miki fata, ki faɗa tun yana ja, kafin ya fashe. Na gwammace a aiko mini cewa 'yata ta ishi asibiti da ƙorafi.

In rigar ƙarfen aka ba ki, ki sa ta, kada ki riƙa cirewa don za a yi baƙi. Yara za su yi dariya, wata ma za ta ce ga mai sulke. Ki ce musu eh, yaƙi za ki. Wanda ya san darajarki ba zai tsaya auna kafaɗunki ba, wannan aikin tela ne, shi ma mun ga yadda muka ƙare da shi.

Da so samu ne ni zan zauna a gefen gadonki, amma cikin nan ya tsufa, an hana ni doguwar tafiya. Gwaggo Talatu mace ce mai ido, na kuma roƙe ta ta riƙa duba bayanki kowace safiya. Ki bar ta ta duba. Da na sauka na yi arba'in, in Allah Ya yarda, zan zo da kaina in karɓe ta.

Babanki ya ajiye alƙalami wai hannunsa ya gaji. Ba gajiya ba ce, ya gane inda na dosa. Na tuna masa sharaɗinmu.

A asibitin Inugu na zauna a benci ina jin ma'aikata suna ƙwala kiran sunanki, mutanen da ba su san ki ba, kina amsawa. Mama Ngozi tana kiransa tana karya shi yadda ta ga dama, kina amsawa da murmushi. Ni da na haife ki ban taɓa ba ki abin da za ki amsa mini ba, sannan ina mamakin kin rasa ta inda za ki fara yi mini magana. Babanki shi ya zaɓi sunan ya faɗa wa liman ranar suna, tun daga ranar bai ƙara fita daga bakinsa ba. To takarda ba ta rubuta kanta. Sai na faɗa da bakina ya ji, sannan ya rubuta da hannunsa.

Na faɗa. Ladidi tana tsakar gida tana wanke-wanke, ta saki kwano ta leƙo ta ga wace baƙuwa ce ta shigo.

Rakiya.

Ki duba yadda harufan suka yi rawa, ba laifin alƙalami ba ne. Rakiya, 'yata, na gode miki da haƙurin da kika yi da ni. Ga ta inda za ki fara nan, na buɗe miki. Ki rubuto mini, ki gaya mini inda ke yi miki ciwo, ko kaɗan ne, babanki zai karanta mini ba ragi ba ƙari.

Allah Ya sauke ku lafiya. Allah Ya sa hannun da zai taɓa bayanki ya zama hannun waraka, Ya tsare miki ƙafafunki da numfashinki, Ya saka wa duk wanda ya dube ki lokacin da ban duba ba. Allah Ya dawo mini da ke kina takawa da ƙafarki, zanen kuma ya zauna yadda ya ga dama. Ki gaida Gwaggo Talatu da Baffa Isa da mutanen gidansa.

Wassalam. Allah Ya tsare ki, Rakiya.

Ni ce innarki.